Nasiha ga Ƙannena da Suka Kama Sandar Golf

A kakar citta da ta wuce, wani yaro ɗan unguwarmu a nan Kagarko, wanda ke ɗaukar wa 'yan wasa jaka a wani filin golf a Abuja, ya zo gida hutu. Bayan mun gaisa sai ya zaro waya ya ce, "Kawu, dubi wannan." Bidiyo ne na bugunsa. Ƙwallo ta tashi ta miƙe sambal kamar an ja ta da zare, ta faɗi can inda ido ke gaza rarrabewa. Na ce, "Madalla, Allah ya yi albarka. To, a cikin goma, nawa ke fita haka?" Ya yi shiru, ya sosa ƙeya, sannan ya ce, "Wata rana biyu. Wata rana ko ɗaya babu."

Amsar nan tasa ce ta sa na zauna rubuta muku wannan takarda, ku samari da 'yan mata na Kagarko da Jere, da na Kachia da Kwoi har zuwa Kafanchan, waɗanda neman abinci ko karatu ya kai ku Abuja ko Kaduna ko Jos, kuka ga wasan da wasu ke kira ƙwallon lambu, ya shiga ranku. Ni ma da ɗaukar jaka na fara, shekaru masu yawa da suka wuce, kuma na ɓata shekara kusan biyar ina farautar irin wannan bugu guda ɗaya mai ƙayatarwa. Ba na so ku ɓata naku.

Ku fara gane yadda ake lissafi a wasan nan. Ramuka 18 ne, kuma duk bugun da ka yi ana rubuta shi, mai kyau da maras kyau. Wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. Saboda haka bugun da ya tafi mita 250 ɗaya ne a takarda, wanda ya shiga ciyawa ya sa ka yi uku kafin ka fito shi ne ya cinye ka. Gwani da ɗan koyo, idan kowa ya dace, bugunsu mafi kyau ba shi da nisa sosai da juna. Inda suka rabu shi ne ranar da abu ya ƙi. Kuskuren gwani yana faɗuwa a gefen hanya, na ɗan koyo yana faɗuwa a bayan bishiya. Aikin da ke gabanku ke nan: ku gyara mummunan bugunku har ya zama wanda za a iya zama da shi.

Akwai abin da ya kamata kowa ya riƙe tun kafin ya taɓa sanda. Daga lokacin da ka fara ɗaga ta zuwa lokacin da ta taɓa ƙwallo, daƙiƙa ɗaya ce da 'yan kai. Haɗuwar kan sanda da ƙwallon kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Babu mahalukin da zai iya gyara hannunsa a cikin wannan ɗan taƙi. In fuskar sanda ta karkace da digiri 3 kacal, wato rabin tazarar minti ɗaya a fuskar agogo, ya isa ƙwallon da ta yi tafiyar mita 200 ta bar hanya. Tunda ba ka da iko da abin da ke faruwa cikin ƙiftawar ido, sai ka zuba hankalinka kan abin da kake da iko da shi, wato duk abin da ake yi kana tsaye cak, sanda ba ta motsa ba tukuna.

Na farkonsu riƙo. Shi ne ɗan hakin da aka raina, kuma shi ke tsone ido. Yawancinmu da muka taso da fartanya da gatari, muna damƙe sanda a tsakiyar tafin hannu, mu matse ta har jijiyoyi su fito. Sandar golf a yatsu take zama. In kai badame ne, hannun hagu ne a sama. Ka shimfiɗa sandar ta ratsa gindin yatsunka, ka rufe, in ka duba ƙasa ka ga ƙashin gaɓoɓi biyu na bayan hannun, ko biyu da rabi. Sai hannun dama ya zo ya rufe babban yatsan hagu. Tsagin da ke tsakanin babban yatsa da manuni, a hannu biyun, ya nuna wajen kafaɗar dama. Bahago sai ya juya maganar. Ko ka ɗora ƙaramin yatsan dama a kan manunin hagu, irin riƙon da ake jingina wa Harry Vardon, ko ka sarƙe su kamar yadda Jack Nicklaus da Tiger Woods ke yi, ko ka jera goman duka, kowanne ya halatta. Zaɓi ɗaya ka zauna a kansa. Kuma kada ka matse. Riƙe ta kamar yadda kake riƙe hannun ƙaramin yaro za ku tsallaka titi: ba zai kuɓuce ba, ba kuma zai yi kuka ba.

Kada wani ya ce wannan karatun 'yan aji ɗaya ne. Nicklaus, wanda ya ci manyan gasanni 18, abin da har yau ba wanda ya kamo, a farkon kowace kakar wasa yakan koma wurin malaminsa na ƙuruciya, Jack Grout, su sake duba riƙo da tsayuwa tun daga tushe. In mai wannan matsayi bai ji kunyar komawa baya ba, me zai hana ni da ku?

Sai tsayuwa da saiti. Duk wanda ya taɓa zuwa tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, ko ta Jere a kan layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, ya riga ya ga darasin. Ƙarafan dogo biyu ne, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba sa haɗuwa. Ƙwallo da fuskar sanda suna kan ƙarfen waje, wanda ya nufi inda kake so ta je. Ƙafafunka da ƙugunka da kafaɗunka suna kan ƙarfen ciki. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya saita jikinsa kai tsaye ga tuta, alhali ƙwallon ce ya kamata ta kalle ta. Daga nan sai ido ya gaya wa hannu cewa an kauce, hannu ya yi ƙoƙarin jawo ƙwallo, yau ya dace gobe ya ƙi, mai wasa kuma ya yi ta zargin hannunsa. In kana gwaji, ajiye kara biyu a ƙasa, ko da karan dawa ne, ɗaya a gaban yatsun ƙafa, ɗaya a bayan ƙwallo. Kada ka buga ko guda ɗaya ba tare da su ba. Ƙafafu su buɗe daidai faɗin kafaɗa, a sunkuya daga ƙugu, baya a miƙe, gwiwa ta ɗan saki, hannuwa su rataya da kansu. Ƙwallo kuma ta riƙa zama wuri guda: a tsakiya in gajeriyar sandar ƙarfe ce, daura da diddigen hagu in babbar sanda ce ta bugun farko.

Yanzu na zo inda nake so mu daɗe, domin a nan ne mu 'yan karkara muke da gadon da ɗan birni ba shi da shi, amma muna zuwa fili mu watsar.

Ku tuna iyayenmu mata a bakin turmi. Mace biyu ko uku suna lugude, taɓarya na hawa tana sauka, babu wadda ke karo da wata. Ku lura da kyau: ba wadda ke fizgar taɓarya sama. Tana ɗaga ta a natse, ta ɗan dakata a can sama kamar mai jan numfashi, sannan ta sake ta, nauyin itacen ya yi aikinsa. Shi ya sa za ta yi awa guda tana daka, sara na ɗari ya faɗi inda na farko ya faɗi. Ba wa ƙaton saurayi taɓaryar nan, wanda bai saba ba. Zai zuba ƙarfi, hatsi ya watse, ya bugi bakin turmi, minti biyar ya jiƙe da gumi. Haka mai faskare. Gwanin faskare ba da damtse yake sara ba, daga ƙafa da ƙugu abin ke tasowa, hannu rakiya kawai yake yi wa gatari.

Wannan shi ne bugun golf ɗungurungum. Masu auna bidiyon ƙwararru sun gano cewa lokacin da suke ɗauka wajen ɗaga sanda ya ninka na saukewa kamar sau uku. Wani mai sauri ne, wani mai nawa, amma rabon ba ya canzawa sosai. Ɗan koyo kuwa, da zarar ya ga fili ya yi tsawo, ko ya ga mutane na kallo, sai ya fizgi sanda daga sama tun kafin kafaɗarsa ta gama juyawa. A nan komai ke rushewa. Maganin da na samu, kuma har yau da shi nake amfani, shi ne ƙirga a zuci: ɗaya, biyu, uku ina ɗagawa, huɗu ta sauka. Wani yakan sa wata kalma mai gaɓoɓi huɗu ya riƙa maimaitawa. Ko wanne ka ɗauka, ya zama shi ne da ƙaramar sanda, shi ne da babba. Kuma ka ajiye kashi biyu cikin goma na ƙarfinka a aljihu. Bugun da ya sami tsakiyar fuskar sanda da ƙarfi takwas ya fi tafiya a kan wanda ya sami gefe da ƙarfi goma. Na san ba za ku yarda ba sai kun gwada, to ku gwada.

Akwai shaidar da ba ta ƙarya, ita ce yadda ka ƙare. Bayan ƙwallo ta tafi, nauyinka ya koma kan ƙafar hagu, cibiyarka ta kalli inda ka nufa, diddigen dama ya tashi. Tsaya a haka har ka ƙirga uku. In ka yi tangaɗi, ko ka koma da baya, to ka san ka wuce gona da iri, ko da ƙwallon ta yi kyau.

Wani zai ce, Kawu, duk wannan sai mai fili, mu kuwa ba mu taso da filin golf a bayan gida ba, kuma kuɗin shiga ƙungiya ya fi ƙarfinmu. Gaskiya ne wasan yana da tsada, ba zan rufe muku ba. Amma ku ji labarin Seve Ballesteros. An haife shi a 1957 a wani ƙauyen bakin teku, Pedreña, a arewacin Sifen. Yana yaro da sandar ƙarfe guda ɗaya tak, mai lamba 3, ya koyi wasa a kan yashin bakin ruwa. Da ita yake yin dogon bugu, da ita yake yin gajere. A 1979, yana da shekara 22, ya ci babbar gasar Birtaniya, shekara ta zagayo ya ci gasar Masters a Amurka. Doka ta yarda mutum ya ɗauki sanduna har 14 a jaka, amma ba ta ce sai da su ake koyo ba. Ka nemi tsohuwar sandar ƙarfe mai lamba 7, ko ta hannu ce, ta ishe ka shekara guda. Mun ga yadda cutar citta ta 2023 ta durƙusar da gidaje a yankinmu. Haramun ne a wurina yaro ya ɗauki kuɗin da gida ke jira ya sayi jakar sanduna, yana zaton a cikinta gwaninta take.

Ga aikin da za ka yi da wannan sanda ɗaya, ko ƙwallo ba ka buƙata. Je ka bakin rafi inda yashi ya kwanta ya yi laushi, ka ja layi a ƙasa, ka tsaya layin yana tsakanin ƙafafunka. Ka kaɗa sanda, ka duba inda ta fara cizon ƙasa. Abin da ake so, ta fara taɓawa a kan layin ko ɗan gaba da shi, wajen inda ka nufa. Dalili kuwa, sandar ƙarfe ƙwallo take fara bugu sannan ƙasa. Ɗan koyo yana zaton shi ne zai ɗaga ƙwallo sama, sai ya kwanta baya yana ƙoƙarin kwasarta kamar mai kwasar tuwo da mara. Ai an riga an kwantar da fuskar sandar tun daga maƙera domin ta yi wannan aikin. Kai naka ka buga ƙasa-ƙasa, nauyi na gaba, ita za ta tashi da kanta. Yi sara ashirin a jere a kan layin, ka ƙirga nawa suka faɗi daidai. Ranar farko wataƙila biyar. Ranar da ka kai goma sha shida, wasanka ya canza, ko da ba ka taka fili ba tun wata uku. Wannan gwaji ya fi muhimmanci a ƙasarmu, domin da hunturu ƙasar Arewa takan bushe ta yi tauri kamar daɓe. Sandar da ta riga taɓa ƙasa sai ta yi tsalle ta sari ƙwallo a ciki. Wanda ya koyi tsaftataccen bugu a irin wannan ƙasa, in ya je kan lallausar ciyawa sai ya ga kamar an yi masa shimfiɗa.

In za ka buga ƙwallo ta gaske a gari, don Allah ka duba gabanka. Nauyinta bai kai giram 46 ba, amma tana iya fasa kai. Yara, masu kiwo, mata masu zuwa ɗiban ruwa, duk haƙƙinsu na wuyanka. In ba ka da filin da ka tabbata babu kowa, rataya tsohon bargo ko buhu ka riƙa bugawa a ciki.

Kan yawan gwaji, minti ashirin kullum ya fi awa huɗu ranar Asabar kaɗai. Jiki da yau da gobe yake koyo, kamar hadda. Vijay Singh, mutumin tsibirin Fiji, ya zo nan ƙasar ya ci gasar Nigerian Open a Ikoyi a 1988, lokacin duniya ba ta san shi ba. Abin da abokan wasansa suka fi saninsa da shi shi ne daɗewa a filin gwaji, kowa ya watse ya bar shi. A 2004, yana da shekara 41, ya ci gasa tara, ya karɓe matsayin na ɗaya a duniya daga hannun Tiger Woods. Sai dai ku kula, gwaji ba tara ƙwallaye ba ne a yi ta watsawa kamar mai korar tsuntsu a gonar gero. Kowace ƙwallo a ba ta wurin zuwa. Ka tsaya a bayanta, ka zaɓi abin da ka nufa, ka shigo, ka aza fuskar sanda, ka gyara ƙafa, ka kalli wurin sau ɗaya ko biyu, ka buga. Yadda ka yi a gwaji, haka za ka yi ranar gasa, ba ƙari ba ragi. Ranar da gabanka ke faɗuwa, wannan sabon ne zai riƙe ka.

Wata cuta ta zamani da mu ba mu sha fama da ita ba, ita ce yawan malamai. Yaron da na ba ku labarinsa ya nuna mini wayarsa cike da bidiyoyin YouTube, wannan ya ce a yi kaza da gwiwar hannu, wancan ya ce a'a. Kowace Litinin da sabon bugu yake tashi. Yaya za a yi abin da ake sauyawa kowane mako ya zauna? Nemi mutum ɗaya da ya san wasan, ƙwararren filin da kake aiki ko wani tsohon ɗan jaka mai ido, ka ce ya duba ka. Ka gyara abu ɗaya a lokaci guda, ka ba shi wata guda kafin ka yanke masa hukunci, domin sabon gyara yakan fara ɓata wasa kafin ya gyara shi. Wayar kuma ka ba abokinka ya ɗauke ka, sau ɗaya daga gaba, sau ɗaya daga baya. Laifi tudu ne; abin da kake ji kana yi da abin da kake yi a zahiri sukan yi hannun riga.

Ku da kuke ɗaukar jaka kuna da wata dama da mai jakar kansa ba shi da ita. Kuna ganin bugu ɗaruruwa a mako, kuna ganin wanda ya natsu da wanda ya fusata, da abin da ke biyo bayan kowanne. Ben Hogan, wanda har yau ake misali da daidaiton bugunsa, da ɗaukar jaka ya fara a Texas yana yaro. Ku buɗe ido, ku riƙe amana, ku kiyaye mutuncinku. Wasan ma ba baƙo ba ne a yankinmu: filin Rayfield da ke Jos, nan kusa da mu, tun 1913 yake, zamanin haƙar kuza. 'Yan mata kuma kada ku ja baya. Georgia Oboh, 'yar Nijeriya, ta shiga sahun ƙwararrun mata na Turai tun ba ta cika shekara ashirin ba, kuma a ganina mace takan riga namiji kama wannan natsuwa ta lugude, don ba ta zo da niyyar nuna ƙarfi ba.

Abu na ƙarshe da zan roƙe ku shi ne ku riƙe ɗan littafi, ku rubuta gaskiya a ciki. Tsarin auna matsayin 'yan wasa da duniya ta koma kansa a 2020 yana duba wasanni 20 na baya-bayan nan ne, ya ɗauki 8 mafi kyau. Ma'ana, su kansu masu dokar sun san mafi yawan ranaku mutum ba ya kai ƙololuwarsa. Don haka in ka yi rana maras kyau, kada ka rushe ginin da ka yi wata shida kana yi. Buɗe littafi ka rubuta: nawa suka tafi dama, nawa hagu, nawa na sari ƙasa kafin ƙwallo. Bayan wasa biyar za ka ga kuskurenka ba goma ba ne, ɗaya ne ko biyu ke ta dawowa da riga daban-daban. In naka kullum dama yake lanƙwasawa, to kafin ka gama gyara shi, saita hagu kaɗan ka yi wasa da abin da kake da shi. Kuma kada ka taɓa rage bugu ɗaya a takarda, ko babu mai ganinka. Wanda ya yi haka ya cuci abokan wasansa, ya kuma ɓatar da hanyar da zai bi ya gane ciwonsa.

Kai kuma ɗana mai bidiyo, na san wannan takarda za ta iso gare ka. In Allah ya kai mu hutu na gaba, ka zo mini da littafinka da sandarka mai lamba 7. Bayan la'asar za mu gangara bakin rafi, ni zan ja layin, kai ka yi sara ashirin ina ƙirgawa.